Tsani, Gola Na Biyu

Tun yana aji uku na firamare aka daina kiransa da sunansa na gaskiya. Tsawo ne ya faɗo masa ba sallama. Inna za ta ɗinka masa dogon wando a farkon zangon karatu, kafin a yi hutu wandon ya koma gajere, ta tsaya tana dubansa kamar shi ya yanke da gangan. Duk gidan da kwan fitila ya mutu a layinsu, ko iska ta ɗora zanin wata a kan katanga, sai ka ji an ce, "A kira ɗan kafinta." Daga nan wata tsohuwa ta ce ai unguwa ta huta da aron tsani, sunan kuwa ya manne masa har yau.

Ƙwallo ba ta so shi da farko ba. A filin bayan makaranta an gwada shi a gaba, aka ga idan ya zuba da gudu sai ka ce rumfa ake kwancewa, ƙafa nan, hannu can. Aka mayar da shi baya, ya ci gidansu sau biyu a wasa ɗaya. Ƙarshe aka tura shi raga, inda ake ajiye duk wanda ba a san yadda za a yi da shi ba. To a nan ne abin mamaki ya faru, yaron ya iya. Ƙwallon da kowa ya sallama ta wuce, sai ka ga wani dogon hannu ya fito daga inda ba a zata ba ya tsinko ta kamar mangwaro.

Babansa kafinta ne, yana da shago a bakin titi, ƙofa ɗaya taga ɗaya, ƙasa cike da garin katako. Yana yin ƙofa da tebur idan an kawo, amma abin da aka san shi da shi benci ne: na makarantu, na asibiti, na masu shayi. Mutum ne mai ƙarancin magana, sai dai idan ya yi guda ɗaya takan shiga kamar ƙusa.

Tsani yana da shekara goma sha tara kocin ƙungiyar garin ya gan shi a wani wasan unguwanni. Ƙungiyar tana rukuni na biyu, amma dai ta ƙwararru ce, akwai albashi, akwai mota mai sunan kulob a jiki. Koci mutum ne mai tumbi, da usur a wuya wanda ko wurin cin abinci ba ya cirewa. Ya ba Tsani takardar kwantiragi ya ce ya kai gida a gani.

Baba ya ajiye zarto, ya goge hannu a jikin riga, ya sa tabarau. Ya bi takardar layi-layi da yatsa har ya zo wani wuri ya tsaya.

"Gola na biyu. Raga biyu gare ku?"

"A'a Baba, ɗaya ce. Ni ne nake shiga idan na farkon ya ji ciwo."

"In bai ji ba fa?"

"Sai in zauna a benci."

Baba ya cire tabarau ya dube shi tun daga ƙafa har sama, abin da ke ɗaukar lokaci.

"Wato an ɗauke ka aikin jiran ɗan wani ya karye. To madalla. Ni na ƙare rayuwata ina yin benci, ashe har mai zama a kai na haifa. Sa hannu."

Golan farko ana ce masa Kwaɗo. Wasu sun ce don tsallensa ne, wasu sun ce don yakan kulle raga ya jefar da makulli. Gajere ne a cikin gololi, mai faɗin ƙirji da murya kamar injin niƙa. Shekara biyu kacal ya ba Tsani, saboda haka ko tsufansa ba abin jira ba ne. Kuma Allah ya yi shi da wani irin jiki na rashin mutunci. Za a tokare shi da gwiwa a haƙarƙari, ya kwanta, mai magani ya rugo da jaka, Tsani ya miƙe ya fara sa safar hannu, sai kawai ka ga Kwaɗo ya tashi ya tofar da yawu yana zagin 'yan bayansa. Zazzaɓi ya zagaya sansani ya kwantar da mutum tara har da direba, ya zo kan Kwaɗo ya ba shi hanya.

Tsani bai taɓa roƙon Allah ya karya Kwaɗo ba, ya sha rantsewa a kan haka, kuma gaskiya ya faɗa. Amma duk lokacin da Kwaɗo ya faɗi, sai ya tarar da kansa a tsaye tun kafin ya yi niyyar tashi, zuciyarsa tana bugawa da wani abu mai kama da murna. Idan ya koma ya zauna, kunyar abin takan hana shi duban kowa har a tashi.

Haka ya mallaki mazauninsa: na uku daga hagu, kusa da kular ruwa, ƙarƙashin rufin kwanon da ke ɗiga daidai kafaɗarsa ta dama. Daga nan ya san filin fiye da mai shararsa. Ya san mutumin da ke zuwa kowane mako don kawai ya zagi alƙalin wasa tun kafin a take. Ya san ɗan wasan da ke taɓa safarsa kafin ya yi bugun kwana mai lanƙwasa, da wanda ke duban hagu in zai buga tsakiya. Babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai faɗa wa kowa ba. A atisaye kuwa yana kama ƙwallo har Koci ya ce, "Ka gani? Da irinka a benci, barci nake da minshari." Tsani ya ɗauki maganar yabo ce. Ya yi shekaru kafin ya gane hukunci ne.

Ran wasa da yamma yakan kawo jesinsa gida. Inna ta ɗaga ta, ta juya gaba da baya, ta shinshina.

"Kai wannan aiki naku akwai tsafta. Ɗan maƙwabta da ke ofis ma ya fi ka datti. In wanke, ko in ninke maka haka nan?"

Sai a ƙarshen shekararsa ta biyu aka sa shi a wasa. Wasan ƙarshe ne na kaka, ba a neman komai, ba a gudun komai. Baba ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da guduma ta fasa masa babban yatsa. Inna ta zo, yayarsa ta zo da mijinta da 'ya'ya uku. Aka take wasa. Minti na shida ƙwallo ta fita ta bayan raga, Tsani ya ɗauko ta ya ajiye ya buga, danginsa suka tashi da tafi kamar ya ci kofi. Minti na goma sha takwas sama ta ɓalle da ruwa, fili ya zama tafki, alƙali ya busa ya ce kowa ya tafi gida. Da yake sakamakon ba zai canza komai ba, ba a sake wasan ba.

A hanya Baba yana matse hularsa ya ce, "Ba laifi. Na ga yadda kake jiƙewa. Ka iya."

A cikin shekarun nan ne ya yi aure. Ƙungiya ta kai ziyara wata firamare don a nuna wa yara 'yan wasa, aka bar Tsani da ɗaukar buhun ƙwallaye. Malamar lissafi ta tsaya kusa da shi ta tambaye shi ko shi ne mai kula da kaya.

"Gola ne ni."

"Ikon Allah. Sau uku ina raka ƙanena filinku, ban taɓa ganinka ba."

"Kin duba gefen hagu, kusa da kular ruwa?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. Bayan wata goma ta zama matarsa, kuma har yau Malama yake ce mata. Takan gaya wa ƙawayenta cewa a duk matan 'yan ƙwallo ita kaɗai ce ba ta san fargaba ba, mijinta zai fita lafiya ya dawo lafiya, sai dai ɗan ciwon baya na zama.

A shekara ta biyar wani dillalin 'yan wasa ya same shi. Mutum ne mai wayoyi uku da takalmi mai tsini, wanda kowace magana tasa ke farawa da "tsakanina da kai". Ya ce tsakaninsa da shi, ana ɓata masa baiwa. Akwai wata ƙungiya a rukunin farko, tafiyar yini guda a mota, golansu ya tsufa, lamba ɗaya tana nan a rataye tana jiransa. Tsani ya kwashi Malama da jaririyarsu da katifa, suka kama ɗaki biyu a bayan wani gidan burodi, inda zafin tanda ke ratso bango tun da asuba.

Mako biyu ya yi yana atisaye a matsayin golan farko. Har tafiyarsa ta canza. Ran Litinin ta uku ya shiga ɗakin canza kaya ya tarar da mutum a zaune ya ba shi baya, yana naɗe yatsunsa da filasta. Bai buƙaci ganin fuska ba, ya san wannan ƙeyar fiye da tasa.

"A'a, Tsani!" in ji Kwaɗo. "Ashe kana nan? Wallahi na ji daɗi. Na ce musu ba na son baƙon na biyu. Zo ka ɗaure min wannan."

Daga baya ya ji cewa dillalin nan ne dai ya kawo Kwaɗo. Da ya kira shi a waya, mutumin ya ce tsakaninsa da shi, gasa tana ƙara wa ɗan wasa kaifi.

Aka haɗa su ɗaki ɗaya a duk tafiyar da za a yi. Tsani ya san minsharin Kwaɗo, ya san ba ya cin ƙwai ran wasa, ya san yakan daɗe a banɗaki da ƙofa a kulle kafin a fita fili. Ya so ya tsane shi, abin ya ƙi. Kwaɗo mutum ne da zai zage ka da safe, da rana ya ji 'yarka ba lafiya ya riga ka isa asibiti. Ranar da Malama ta haifi na biyu, shi ya tuƙa su, yana ta danna ham yana zagin duk mai mota a garin.

Shekara ta tara ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa. Da la'asar aka take, fili ya cika har kan katanga, ana nunawa a talabijin. Aka yi minti casa'in ba ci, aka shiga ƙarin lokaci. Saura minti biyu a tashi, ɗan gaban abokan hamayya ya kuɓuce shi kaɗai, Kwaɗo ya fito har wajen da'ira ya kwashe masa ƙafafu. Jan kati. Abin da ciwo ya kasa yi shekara tara, alƙali ya yi shi da hannu ɗaya.

Koci ya juyo yana duban benci kamar mai neman abin da ya ajiye tun bara.

"Tsani! Tashi!"

Ya tashi, ƙafarsa ta hagu ta ƙi tashi tare da shi. Ta yi barci, awa biyu tana naɗe. Haka ya shiga fili yana ɗingishi a gaban duk ƙasar, mai sharhi a talabijin yana cewa ga jarumi ya shigo duk da raunin da yake fama da shi. Bugun tazarar ya bi ta sama, alƙali ya busa, aka tafi fenariti.

Na farko, Tsani ya faɗi dama, ƙwallo ta shiga hagu. Na biyu ya faɗi hagu, ta shiga dama. Na uku ya sake faɗuwa inda ƙwallo ba ta je ba, amma ta daki ƙarfe ta dawo. Na huɗu mai bugun ya ɗaga ta sama har ta kusa fita daga filin. Su ma 'yan wasan su Tsani sun zubar da biyu, don kada a ce sun fi wani. Aka zo bugu na biyar, ƙungiyarsu tana gaba da ɗaya. In ya tare, kofi nasu ne.

Wanda ya ajiye ƙwallon kyaftin ɗin abokan hamayya ne, tsohon ɗan wasa. Tsani ya san shi. Shekara tara yana kallonsa daga kusa da kular ruwa, sau shida ya ga ya buga fenariti mai nauyi irin wannan, kuma duk shidan sai ya dubi kusurwar hagu, ya ja numfashi, ya narka ta tsakiya. Mutumin ya dubi hagu. Ya ja numfashi. Tsani ya kafe ƙafafunsa ya ƙi motsi. Ƙwallo ta zo kamar dutse ta same shi a hanci, ya faɗi da baya, ita kuma ta yi gaba.

Da ya farfaɗo akwai mutum goma a kansa, jini ya wanke masa jesi, Kwaɗo yana rungume da kansa yana kuka yana zaginsa.

Washegari jaridu suka yi bayani. Biyun da suka zubar da kansu, an ce kwarjinin Tsani ne ya ruɗa su, tsawonsa ya rufe musu raga. Na biyar kuwa, wanda shi kaɗai ne aikinsa, masana sun haɗu a kan cewa tsoro ne ya daskarar da shi, sa'a ta kawo ƙwallo kan hancinsa. Ya yi ƙoƙarin yi wa wani ɗan jarida bayani, mutumin ya yi murmushi ya dafa shi ya ce, "Kar ka damu, sa'a ma baiwa ce."

Inna ta karɓi jesin mai jini ta dube ta da kyau ta ce, "Yau dai ka yi aiki." Baba ya yanko hoton jarida ya buga shi da ƙusa huɗu a bangon shago: ɗansa kwance, ƙafafu a sama, ba a ganin fuska.

Wasan nan ne ya kai shi babban birni. Shugaban wata babbar ƙungiya ya ga wasan a falonsa, ya ce a sayo masa wannan dogon. Ba a tambayi kocinsu ba, shi ya sa ranar da Tsani ya iso kocin ya dube shi kamar kayan da aka kawo gidan da ba nan aka aika su ba. Suna da gola ɗan ƙasar waje, suna da na biyu matashi. Tsani ya samu ci gaba zuwa na uku. Amma fa a faɗi gaskiya, bencin babbar ƙungiya daban ne: kujera ce mai laushi da wurin jingina kai, ga rumfar gilas ba ɗigon ruwa. Wasu makonnin ma ba ya samun kujerar, sai dai ya zauna cikin 'yan kallo da rigar kulob, mutane suna tambayarsa inda banɗaki yake. Malama ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, suka kama gida hawa na uku, yara suka fara gyara wa ubansu magana.

A shekararsa ta uku a can, ƙasar golan farko ta kira shi wasanninta, na biyun kuma ya kwanta da taifot. Koci ya duba dama ya duba hagu, bai ga kowa ba sai Tsani. Wasa biyar ne a gaba.

Ya buga na farko, ba a ci shi ba. Na biyu aka ci shi ɗaya, su suka ci uku. Na uku, a gidan abokan gaba, ya tare ƙwallo bakwai waɗanda ko shi bai san yadda ya yi ba, aka tashi canjaras, magoya baya suka raka motarsu suna kiran sunansa. Yana da shekara talatin da ɗaya, ranar ce ya fara tabbatar wa kansa cewa ashe da gaske ya iya, ba a atisaye kaɗai ba. A mota ya juya fuska wajen taga don kada a ga idonsa.

A wasa na huɗu, minti na talatin, aka yi bugun kwana. Ya fito ya yi kira da ƙarfi cewa tasa ce, ya tashi sama ya kama. Ɗan bayansu, wanda bai saba da muryarsa ba, ya taso shi ma ya faɗo masa a kan gwiwa. Tsani ya ji ƙarar kafin ya ji zafin. Bai saki ƙwallon ba har aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, sai da alƙali ya roƙe shi.

Jijiya biyu suka tsinke. Aka yi aiki, ya yi wata goma yana koyon tafiya da lanƙwasa ƙafa. Shugaban ƙungiya ya aiko da kwandon lemo da kati mai ɗauke da sunan wani ɗan wasan daban. Da ya warke, kwantiragi ya ƙare, aka gode masa ƙwarai da gaske. Dillali kuwa duk wayoyinsa uku suka daina shiga.

Ya ƙara shekara uku a ƙananan ƙungiyoyi, yana bin motoci masu mutuwa a hanya, yana kwana a ɗakunan da fanka ke juyawa don ado. Gwiwar ba ta koma daidai ba, ƙwallon ƙasa ta fara wuce shi. Yana da talatin da biyar ya rubuta takardar ajiye wasa ya aika wa jarida. Sun buga, Allah ya saka musu: layi uku, a ƙasan tallan maganin basir.

Suka koma garinsu. Ya gwada zama a shagon Baba, ya yi mako biyu yana lanƙwasa ƙusoshi yana buga kai a saman ƙofa. Baba ya ce, "Ka ga, katakon nan bai yi maka laifin komai ba. Je ka nemi wani abin." Malama ce ta tura shi gidan rediyon garin, inda mijin ƙawarta ke gabatar da shirin wasanni ran Asabar da safe. Aka ba shi minti biyar, ya ci rabin awa. Ya faɗi wanda zai ci a wasan yamma da ta inda za a ci, haka kuwa aka yi. Yanzu shirin da shi ake yi, sauran kwanaki kuma yana zaune a ɗan shagonsa na takalman ƙwallo da jesi a kusa da tasha. Har yau ba a rasa mai bugo waya ya ce, "Malam Tsani, kai da kake gyara wa mutane, wasa nawa ka buga?" Shi kuma ya ce, "Kaɗan ne, ɗan'uwa. Kai fa?"

Kwaɗo sai da ya kai talatin da tara ya ajiye. Ya dawo garin da lambobin yabo cike da kabad, aka yi masa wasan bankwana, aka yi jawabai. Bayan shekara biyu matarsa ta kira Tsani a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce maigidan ba ya iya tuƙi yanzu, likita ya sa masa gashin ƙashi duk Laraba, kuma ya hana a gaya wa kowa.

Tsani ya je da motarsa. Mutumin da ya fito masa ya tsufa fiye da shekarunsa. Kafaɗar dama ta zube, yana jan ƙugu, yatsun nan da suka kulle raga shekara ashirin sun karkace kowanne ya kama gabansa. Muryar ce kawai ba ta canza ba.

"Wa ya aiko ka? Matar nan ko? To tunda ka zo, buɗe min ƙofa, kar ka tsaya kana kallona kamar talabijin."

Laraba ta huɗu suna zaune a barandar asibiti suna jiran layi, Kwaɗo yana duban hannayensa, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Ka tuna yadda nake kulle kaina a banɗaki kafin wasa?"

"Na tuna. Mun ɗauka tsoro ke sa ka gudawa."

"Allura nake yi. Ta kashe zafi. Kafaɗar nan tun shekararka ta uku ta goce. Yatsun nan, huɗu a karye na buga kaka guda da su. Likitan kulob kaɗai ya sani."

Tsani ya juyo gaba ɗaya. "Don me? Da ka huta wata biyu ai da ta warke."

"In huta wata biyu in ba wa? Kai?" Kwaɗo ya yi wata 'yar dariya. "Ina ganinka a atisaye, Tsani. Koci bai san abin da yake da shi ba, ni na sani. Ƙwallon sama ka fi ni, karatun ɗan wasa ka fi ni. Da ka samu wasa biyar a jere, da ni ne zan ƙare kusa da kular ruwa. Har garin can da na bi ka, ni na ce wa dillali ya kai ni. Na fi son ka a bayana da in gan ka a ragar da ke fuskantata."

Wata ma'aikaciya ta wuce da keken marasa lafiya mai ƙara.

"To na gode," in ji Tsani. "Shekara ashirin ina jiran wani ya ce na iya. Ashe mai faɗar yana gadon kusa da nawa yana minshari."

Ya mayar da shi gida. Laraba ta gaba bai je ba, ta bayanta ma haka. Yana zaune a shago yana yi wa masu saye tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A gida ya ba Malama labari, yana jiran ta taya shi fushi. Tana gyaran takardun jarrabawa, ba ta ko ajiye jan biro ba.

"Ya cuce ka, ba musu," ta ce. "Amma kai kana ɗaukar 'yar autarka ka ɗora a wuya, shi ko kofin shayi sai da hannu biyu. In fushin ne, yi ta yi, ba mai hana ka. Sai dai ka yi shi a mota, matarsa ta kira ni sau uku."

Laraba ta uku ya je. Ya tarar da Kwaɗo a falo, ya sa riga ya kasa ɓalla maɓallai, ya kori matarsa da ta zo taimako, yana ta fama da na biyu daga sama, gumi a goshi. Tsani ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo har sai da ya ga abin ya isa. Sannan ya sunkuya, ya ture karkatattun yatsun gefe, ya ɓalla masa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka tsallake ɗaya," in ji Kwaɗo.

"Ban tsallake ba."

"Ka tsallake mana, dubi wuyan ya karkace. Kuma yau ka bi ta bayan kasuwa, titin asibitin nan duk ramuka ne, kai kuma ba ka iya kauce musu ba."

Tsani ya duba, ya ga lallai ya tsallake ɗaya. Ya kwance ya sake, ya ɗauko masa sandarsa, suka fita.